Hoton da Ya Rage a Kyamarar Kaka

Tun ina budurwa nake ɗauke da wani tsoro. Innata ta binne 'ya'ya uku kafin ta haife ni. Wata rana ina tsefe mata kai na tambaye ta, na farkon da wa ya yi kama, da ita ko da babana? Na ci gaba har na tsefe rabin kan. Sannan ta ce, "Wallahi na mance." Ba ta yi kuka ba, cewa ta yi in yi sauri kada rana ta faɗi. Ni kuwa abin ya zauna min a ƙirji. Ashe mace za ta ɗauki ciki wata tara, ta shayar, ta goya, a binne, fuskar kuma ta goge mata kamar allon da aka wanke. Da na yi haihuwar fari, ɗiya mace, in kowa ya fita daga ɗaki sai in zuba mata ido ina haddace ta. Lafiyarta lau a lokacin. Ni ce dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Na fara da wannan ne don a gane abin da ya haɗa ni da kyamarar Kaka, da abin da ya sa ni da na tsaya aji huɗu na zauna rubutu a kansa.

Kaka mahaifin babana ne. Babana ya rasu ina shekara biyar, Kaka ne ya riƙe ni a gidansa na Jega har aka kai ni ɗakin miji a Maiyama. Allah ya karɓi ransa cikin ɗarin da ya wuce, bayan kwana tara yana fama da ciwon haƙarƙari. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa kabarinsa.

Kwanakin zaman makoki ina ɗakin Goggo, ƙanwar babana, a bakin ƙofa, ina jin na ciki ina jin na waje. Manoman albasa suka zo daga Aliero, ɗayansu ya ce, "Shi yad ɗauke mu hoton zuwa Makka. Yac ce, ku saki huska mana, ba albasarku ta ruɓe ba." Aka yi dariya kaɗan, aka tuna inda ake, aka daina. Wata tsohuwa daga Jiga Birni ta ce hotonta na amarci yana nan ƙasan adaka har yau, ita ta tsufa shi bai tsufa ba. Wani malami ya yi doguwar addu'a, a ƙarshe ya ce Allah ya yafe masa sana'ar da ya yi. Wasu suka ce amin da ƙarfi, wasu a hankali. Matan unguwa kuwa suna rage murya suna cewa, "Da shekarunai, mi ka kai shi yawo cikin ɗari bayan magariba, shina jan katako mai ƙahwa ukku?"

Rana ta uku wani ɗan kudu mai shagon kayan mashin a bakin tasha ya zo ya tsaya ƙofar zaure da hularsa a hannu, bai san ko ya shiga ba. Ta tsagin zana na hango shi, ƙato da shi, yana share ido da bayan hannu. Kowa ya san Kaka yana zuwa shagonsa. Abin da ba su sani ba shi ne ni ma na taɓa zuwa sau ɗaya.

Kaka yana saurayi ya yi wa wani Bature mai auna hanya aiki, shi ke ɗaukar masa kaya da kyamara. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya tafi da shi, ya yi sanyi biyu a can. Ya dawo da kyamara, da yatsu biyu na hannun hagu da ba sa jin zafi ba sa jin sanyi, da gwangwanin biskit cike da hotuna. Ya buɗe shagon hoto a Jega ya yi shekaru a ciki, har samari masu sababbin kyamarori suka cika kasuwa, ya rufe.

Gwangwanin yana ƙarƙashin gado, da ganyen dogonyaro a ciki saboda ƙwari. Ni kaɗai yake bari in taɓa, shi ma sai na wanke hannu ya bushe. Hotunan fari da baƙi ne, kuma duk bayan faɗuwar rana aka ɗauke su. Titi ya cika da wani farin abu kamar an zazzage auduga, ya hau rufin gidaje, ya hau motoci. Dusar ƙanƙara ke nan. Itatuwa ba ganye ko ɗaya, an naɗe su da ƙananan fitilu na bikin Kirsimeti, kowace ta fito kamar tauraro.

Nakan ce, "Tsoho, garin nan ba mutane?"

Yakan ce, "Mutane na da hankali, uwargida. Suna ɗaka bakin wuta. Angonki ɗai na mahaukacin da ke waje."

Sai ya ɗora matacciyar yatsar nan tasa a kan fitilun ɗaya bayan ɗaya. "Wagga ja ta. Wagga tsanwa. Wagga awa ƙwanduwar ƙwai. Fim ɗin dauri bai san launi ba. Da baki nika shahwa musu launi tun kahin a haihi ubanki."

Ɗarin Jega wasan yara yake kiransa, amma ko a nan bai taɓa fita da kyamara a fili ba. Cikin riga yake sa ta, a jikin fatar cikinsa. Ya ce can in ka bar ta a waje sai ta sandare, fim ya tsinke kamar busasshen ganye, shi ya sa har ya mutu a hankali yake murɗa ta. In ya dawo gida kuma ba ya shiga da ita ɗakin da aka hura wuta. Sai ya ƙulle ta a leda ya ajiye a zaure ta huce tukuna, wai in ta fito daga sanyi ta faɗa ɗumi sai idonta ya yi gumi. Marigayiya kakata takan ce ko ita da tana jego ba a lallaɓa ta haka ba. In zai ɗauka yakan kau da bakinsa gefe kada hucin numfashi ya rufe gilashin.

Lokacinsa ɗaya ne, da an sallame magariba, sama ba ta gama yin baƙi ba, akwai sauran shuɗi. Ya ce in aka kai lisha an makara, fitila za ta fito amma gari ya ɓace. Ba ya sa walƙiyar kyamara. Ya ce, "Kin taɓa ganin an kunna wuta don a ga wuta?" Sai dai ya kafa ta a kan katakon nan mai ƙafa uku da kafinta ya yi masa, ya danna, ya riƙe numfashi yana ƙirge a zuci. Game da ƙanƙara kuwa cewa yake, "Kyamara wawuya ta. In hwari ya yi mata yawa sai ta tsorata ta runtse, ƙanƙara ta hito awa toka. Sai ka buɗe mata ido da hannunka." Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo, na haddace duk wannan kamar karatu.

Bayan ya rufe shago abu ɗaya ya rage masa. Ya sayi fim mai launi ya sa a kyamara. Duk ƙarshen shekara ɗan kudun nan yakan rataya igiyar ƙananan ƙwayayen lantarki masu launi a ƙofar shagonsa, ya tada ɗan janareto. Kaka sai ya je ya ɗauki biyu ko uku ya dawo. Fim ɗaya yana shekaru a ciki. Ya ce ba zai cire ba sai ya ƙare, kuma da ƙafarsa zai kai Sakkwato a wanke, bai yarda da hannun kowa ba. Baffa, ƙanen babana, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya sha yi masa magana. "Baba, kana zubda muna mutunci. Tsoho da kai gaban hitilun Kirsimeti."

Kaka ya ce, "Ba salla nika yi musu ba. Launi nika biɗa."

Faɗanmu ɗaya da shi, a kan kyamarar nan ne. Ina wankan jego a gidansa na same shi shi kaɗai na roƙe shi ya ɗauki jinjirar hoto. Kun san halinmu da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane ana fara'a, balle uwa ta buɗe baki ta ce tana son hotonsa. Kaka kaɗai nake iya gaya wa, don tsakanina da shi ba kunya. Ya ce ya bar ɗaukar mutane, fim ɗin nan na fitilu ne. Na gaya masa maganar Inna da abin da ta mance. Ya ci gaba da shirya hotuna a gwangwani. Raina ya ɓaci na ce, "Ashe ƙanƙarar Turawa ta hi jininka daraja." Ya rufe gwangwanin. Har na koma Maiyama bai sake ce min uwargida ba. Ban taɓa faɗa wa babba magana irin wannan ba, kuma ban nemi gafara ba a lokacin.

Yarinyar tana wata takwas na zo Jega ganin gida, ɗari ya sauka sosai. Wata rana da aka sallame magariba ya leƙo ɗakin Goggo ya ce zai raka ni kantin magani, in goyo ɗiya. Da muka fita na ga katakon a hammatarsa, na gane inda za mu. Duk hanya ina taɓa ƙafafunta ta bayan zane ina jin ko sun yi sanyi.

A ƙofar shagon fitilun suna ƙiftawa, ja, tsanwa, ruwan ɗorawa. Ɗan kudun ya jawo benci, matarsa ta kawo mayafi mai kauri ta lulluɓa mana. Kaka ya ce sai yarinya ta yi barci, don mai barci ba ya motsi. Muka jira. Yana kafa katako, bai dube ni ba, ya ce, "Na ɗauki rabin Jega da hannuna. Ubanki, ɗana na hwari, ko guda ban ɗauka ba. Kunya. Yanzu in na runtse ido hulatai nika gani, huskar ta tahi."

Ya gama kafawa. Ya ce, "Kwance ta, aza ta bisa cinya, juyo huskarta wajen hitilu. In na ce riƙe, ki riƙe numhwashi har in kai takwas. Kuma ki bar karkarwa, uwargida, ba yanka ki za a yi ba."

Sau uku ya danna. Sau uku na riƙe numfashi ina kallon launi yana sauyawa a kumatunta, ja, tsanwa, ja. A rayuwarta duka, ran nan kaɗai na zauna a waje na kalle ta son raina ba wanda ya ce ba ni da kunya. Da muka taso na tambaye shi yaushe za a wanke. Ya ce saura tara, in yi haƙuri.

Cikin bazara ƙyanda ta shigo Maiyama. Kwana shida ta yi wa yarinyar, Allah ya karɓi abinsa.

Kaka ya zo gaisuwa a bayan mashin, da shekarunsa. Ya zauna bakin ƙofata ya jira aka rage, sannan ya ce a hankali, "In kin so, gobe sai in cire fim ɗin in tahi Sakkwato." Na ce ya bar ta tukuna. Ban iya kallonta ba a lokacin, kuma ban san inda zan ɓoye hoton ɗiyar fari a gaban fitilun Kirsimeti a gidan miji ba. Ya ce, "To. Tana nan cikin duhu lahiya lau. Abu guda dai, kada haske ya taɓa ta kahin a wanke. Ranar da kinka shirya ki ce."

Shekara ta juyo ina da ciki, na ji tsoron dubawa. Na haifi namiji, wannan da ke cinyata yanzu ina rubutu. Sai da ɗari na biyu ya kama, na wayi gari ina neman kamannin hancin yarinyar a raina na rasa. Na aika masa da saƙo ta bakin Inna, na ce a gaya wa tsoho uwargida ta shirya. Ya aiko cewa saura uku, ba ya ɓarna, zai ƙarasa cikin satin nan ya tafi Sakkwato. Yana tari tun lokacin girbi. Ya fita rana ta farko ya ɗauki ɗaya. Ya fita ta biyu ya ɗauki ɗaya. Ta uku bai iya tashi ba. Matan da ke tambayar abin da ya kai shi yawo cikin ɗari, ga amsar. Ni na aika.

Da na iso magana ta yi masa wuya. Ya gan ni, ya ɗaga yatsun nan biyu yana nuna kyamara a rataye jikin ƙusa. Baffa ya ce, "Baba, har yanzu hankalinka na ga abin ga? Yi salati." Ya yi salatin. Washegari ya cika. Baffa ya kulle ɗakin ya sa makulli a aljihu, kamar yadda ake yi.

Na gwada gaya wa Goggo. Na ce, "Goggo, akwai abu cikin kyamarar Kaka." Ta ce, "Ke! Ba a yi bakwai ba kina zancen kaya? Ina kunyarki?" Na haɗiye sauran.

Rana ta takwas da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da kayansa don malam ya gani kafin rabo. Riguna, buta, Alƙur'aninsa, katakon, gwangwanin. Rana ta haska ko'ina. Maza sun kai goma, har da yayan maigidana. Ina tsaye ƙofar ɗakin Goggo da goyo a baya. Baffa ya ɗauki kyamarar yana juya ta, ya ce bari a ga abin da tsoho ya daɗe yana tarawa a ciki. Ya sa farce yana neman inda ake buɗewa. Bai samu da wuri ba. Ya daɗe yana nema, ya fi takwas ɗin Kaka nesa ba kusa ba. Abin da zan ce bai wuce kalma uku ba, ɗiyata tana ciki. Na buɗe baki. Na dubi yayan maigidana, na dubi malam. Uwa ta ambaci ɗiyar fari gaban surukai, ta kuma faɗi inda aka ɗauki hoton. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Na ji ƙaras.

Baffa ya jawo fim ɗin ya warware shi tsawon hannu biyu, ya ɗaga wa rana. Tun yana yaro yake ganin Kaka yana ɗaga dodon hoto haka yana duba mutane a ciki. Bai san wancan wankakke ba ne, wannan kuwa ba a wanke ba. Ya duba daga farko har ƙarshe ya ce, "Babu komi. Shekara nawa shina yawo cikin ɗari, ashe babu abin da shika ɗauka."

Sai a lokacin murya ta zo min. Na yi ƙarar da ban taɓa yi ba. Mata suka riƙe ni suna cewa in yi haƙuri, kowa can za shi. Sun ɗauka Kaka nake yi wa kuka. Shi ma ina yi masa.

Da yamma na tsinci fim ɗin a gefen rumbu na naɗe a bakin zane. Na gaya wa maigidana komai, na zata zai yi faɗa. Bai yi ba, ranar kasuwa ya wuce Sakkwato da shi. Mai wanki ya ce masa haske ya cinye, ko inuwa ba ta rage ba. Ba ita kaɗai ba, har launin da Kaka ya yi shekaru yana nema.

Ba na ganin laifin Baffa. Da labarin ya kai masa ya zo Maiyama da kansa, ya zauna inda Kaka ya taɓa zama. Ya ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki magana?" Ya ce wasu sun ce a ƙone hotunan don kada su zame wa mamaci nauyi, shi ya ce ba mutum ko ɗaya a cikinsu, ƙanƙara ce da fitilu. Ya ajiye min gwangwanin a gabana ya tashi, ko ruwa bai sha ba.

Yanzu hotunan suna ƙarƙashin gadona, da sabon ganyen dogonyaro. In yaron nan ya yi barci nakan wanke hannu in fito da su. Titi fari, ba kowa. A ɗaya akwai sawun ƙafa guda da ya ratsa ƙanƙarar ya zo har inda mai ɗauka ya tsaya, ina jin nasa ne. Nakan ɗora yatsa in ce wagga ja ta, wagga tsanwa, yadda ya koya min. Yarinyar kuwa abin da ya rage min shi ne kunnenta na hagu da ya ɗan lanƙwasa a sama, da kumatu ɗaya yana ja yana tsanwa. Hancin ya tafi. Bakin ma ya fara.

Mutumin nan ya jira ni shekara biyu bai taɓa cewa in yi sauri ba. Na zage shi da ƙanƙarar Turawa, ya rama min da benci da fitilu. Ba na son a tuna shi da cewa tsoho ne mai yawo cikin ɗari da kyamarar da ba komai a ciki. Akwai abu a ciki. Ni na gani ana sa shi.

Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, ina roƙonsa ya yi wa Kaka addu'a, ya haɗa da babana da yarinyar. In kuma ke uwa ce, ɗanki na fari yana raye, ki goya shi cikin satin nan ki kai a ɗauke shi hoto, ko wa zai ce me. Kada ki ce a bar shi tukuna. A wanke a ba ki a hannu.